Ungulayen Bayan Mayanka

Uban Ungulu ya kama gawar ungulu ta ƙarshe ta fiffike ya tura a buhu. Ita ma babu kai. Mushen jakin da aka barbaɗa wa guba yana kwance a gindin rimin da ke bayan mayanka, ko ƙudaje sun zube a gefensa.

"Yaya, ka saurare ni," in ji ma'ajin ƙungiyar mahauta, yana toshe hanci da gefen riga. "Ban da ni da kai ba wanda ya gani. Ka je ka sa hannu, a ba mu tallafin nan. Wasu ungulayen za su zo daga wani wuri."

"Daga ina?" in ji tsohon.



Da tsokana aka laƙa wa tsohon sunan Uban Ungulu, tun lokacin da ya fara hana a jefi ungulaye. Su ne ke kwashe ƙazantar mayanka kafin ta yi wari, amma masu sayen kawunansu don haɗa magani suka yi ta rage su, har suka koma 'yan tsiraru a kan rimi ɗaya. Shi ya lallashi mahauta suka nemi tallafin kewaye bishiyar da ɗaukar masu gadi. An daɗe ana jira. Yau ce ranar sa hannu.

"Ka tuna da waɗanda aka yi wa alkawarin aikin gadi," in ji ma'aji. "Surukinka na ciki. Me za ka gaya wa 'yarka?"

Tsohon ya ɗaure bakin buhu. Ya wanke hannu a famfo, ya sauya riga, ya tari bas.

Ofishin yana hawa na biyu, sanyin na'ura har cikin ƙashi. Jami'ar da ke kula da tallafin ta miƙe da fara'a. Ta sha zuwa mayanka, ta san warin wurin, ba ta taɓa yatsina fuska ba.

"Baba, sannu da zuwa! Yaya 'ya'yan naka masu sanƙo?"

Ya zauna a bakin kujera. Ta turo masa takardu da biro, tana ba shi labarin yadda ta yi ta kai gwauro tana kai mari kafin masu ba da tallafin su yarda. Ya ɗauki biron, ya juya shi, ya ga jini ya bushe a ƙarƙashin farcensa. Ya ajiye.

"'Yata, an kashe su. Da safen nan muka tarar."

"Nawa daga ciki?"

"Duka."

Ta koma ta zauna a hankali.

"Ko ɗan tsako a sheƙa?"

"Mun hau mun duba."

Ta cire tabarau ta murza idanu. "Baba, ka san sharaɗin. Sai inda suke da rai. Yanzu dole a mayar wa wata al'umma." Ta dubi ƙofa, ta rage murya. "Sai bayan damina za a zo dubawa. Da ka yi shiru…"

"Na yi tunanin haka tun daga tasha har ƙofar nan," in ji shi. "Amma in na sa mutane gadin bishiyar da ba kowa a kai, can kuma ana kashe na wasu saboda babu mai gadi, wa na taimaka?"

Ta janye takardun.

Har ya kai ƙofa ya juyo. "Hoton nan da kika ɗauka bara, suna jere a reshe. Ko zan samu?"

Ta buga masa a babbar takarda, mai launi. Ta miƙa masa.

A bas ɗin komawa ya samu wuri kusa da taga. Wayarsa ta yi ta ruri a aljihu. Ya san 'yarsa ce, bai san da bakin da zai fara ba. Ya shimfiɗa hoton a cinya. Ga mai ɗingishi a ƙarshen reshe, wadda kullum sai sauran sun ƙoshi take sauka.

Wata mata mai kwandon kayan miya a gefensa ta leƙo, ta taɓe baki.

"Kai, Baba! Duk tsuntsayen duniya ka rasa na ɗauka sai waɗannan ƙazamai?"

"Maƙwabtana ne," in ji shi. "Yau aka yi rasuwa."

"Ayya, Allah ya ji…" Sai ta katse, ta sake duban hoton, ta dube shi, ko wasa yake yi.

"Amin," in ji tsohon.