Gadar Tungar Kanya a Zauren Majalisa

Mafarkin da na yi daren jiya ya kai ni wata ƙasa da kogi ke ratsa tsakiyar zauren majalisar wakilanta. 'Yan jam'iyya mai rinjaye na zaune a gaɓar dama, marasa rinjaye a ta hagu, kowa ya naɗe ƙafar wandonsa. Na gane kogin. Na ƙauyenmu ne, Tungar Kanya, wanda duk damina sai ya ci mutum saboda babu gada.

A tsakiyar ruwan ga Gwaggo Kuluwa, ƙanwar mahaifina, tsaye da tiren ƙuli-ƙuli a ka, za ta kasuwa. Ruwa iya gwiwarta.

"Gwaggo, ki fito mana."

"In fito ina, Sagiru? An ce a tsaya har dokar gada ta wuce."

Kakakin majalisar tolotolo ne cikin babbar riga. Ya buga guduma, akawu ya miƙe ya karanta sunan ƙudurin. Sunan kaɗai. Aka ce karatu na farko ke nan, kowa ya tafi cin abinci.

Sai ga mu a karatu na biyu, ruwa ya kai wa Gwaggo ƙugu. Wani ɗan majalisa ya yi ta yabon gada har gemu ya tsiro masa, ya yi furfura, bai zauna ba. Na kusa da shi ya ce yana goyon baya, amma a fara gina ɗaya a mazaɓarsa, kogi ya biyo baya. Kujerun da masu su ba su zo ba suna ta minshari da kansu. Aka tura ƙudurin kwamitin ayyuka.

Shugaban kwamitin kada ne. Ya kira zaman jin ra'ayin jama'a, ya gayyaci kifaye da kwaɗi.

Na ce, "Ranka ya daɗe, mutanen garin fa?"

"Suna zuwa mana, ɗaya-ɗaya," ya ce yana sakace. "Ban taɓa jin wanda ya koma gida da ƙorafi ba."

Karatu na uku. Ruwa ya kai wa Gwaggo haɓa, kuma har yanzu damuwarta kada ƙuli ya jiƙe. Na duba ko'ina, babu igiya, babu gora. Abu mai tsawo ɗaya ne a zauren: sandar majalisa, kwance a kan tebur gaban Kakaki. Na sure ta na miƙa wa Gwaggo, ta kama da hannu ɗaya. A daidai lokacin Kakaki ya ce masu goyon baya su ce eh. Zauren ya amsa har rufin ya ɗaga ya koma. Babu mai cewa a'a.

Akawu ya raɗa masa magana a kunne. Kakaki ya leƙa teburin.

"Sanda ba ta wurinta. Zaman da babu sanda ba zama ba ne. A koma karatu na farko, bayan hutu."

Ko mutum ɗaya bai damu ba. Suka fara neman takalmansu.

"Mutum fa nake ja," na ce. "Ba ku ganinta ne?"

"Muna ganinta," in ji Kakaki. "Ba ta cikin jadawalin yau."

Na kafe ƙafa zan ja da ƙarfi. Gwaggo ta yi mini irin kallon da take yi wa wanda ya yi rashin kunya a gaban baƙi.

"Mayar musu da sandarsu, ɗan nan. Kada a ce mutanen Tungar Kanya ne suka ɓata wa manya zama. Baɗi a yi mana."

"Gwaggo, ba za ki kai baɗi ba."

"Kai dai kullum sauri. Haƙuri ake yi."

Ta saki yatsunta ɗaya bayan ɗaya. Sandar ta yi sakayau a hannuna. Ina kiran sunanta, Kakaki na buga guduma yana cewa in yi shiru, ba a ba ni izinin magana ba.

Na farka riƙe da ƙarfen gado gam. Kafintan layinmu ne ke buga ƙusa a ƙofar shagonsa.