Ruwan Wankan Baba

Hitar dafa ruwan wanka mai cin lita talatin. Naɗin wayar lantarki. Safa mai kauri, man shafa wa gyambo, kofi, sabulu marar ƙamshi. Su ne a bayan motar da na ara lokacin da na wuce Glina na kama hanyar ƙauyenmu. Gidajen bakin hanya wasu a tsage, wasu an manna musu jar takarda, alamar sun lalace, ba a zama a ciki. Ban tsaya kallo ba.

Namu gidan ma jar takarda ce a ƙofarsa. Tun girgizar ƙasa Mama da Baba suke zaune a ɗaki mai taya, irin wanda masu hutu ke ja da mota zuwa bakin teku. Wani bawan Allah ne ya bayar da shi, aka ajiye kusa da rijiya.

Ina yarinya na bar ƙauyen, daga makarantar kwana sai Jamus. Abin da nas mai duba Baba ta faɗa mini a waya ne ya dawo da ni. Ɓarin jikin Baba ya shanye, kwanciya ta fara cin bayansa. Ta ce ko dai a riƙa yi masa wanka sosai da ruwan ɗumi, ko a kai shi gidan tsofaffi a Sisak, akwai gado. Mama ta ce ba inda za shi. A ƙasar nan aka haife shi, a nan zai ƙare.

Da yamma na ga yadda suke yi. Banɗakin bai fi akwatin kaya ba. Mama ta zaunar da shi a kujerar roba, ita rabin jikinta a waje. Ta jiƙa shi, ta kashe famfo, ta saɓa sabulu, ta buɗe. Lita goma ce hitar ɗakin. Kafin ta kai gwiwarsa ruwan ya huce, kafin ta kai ƙafa ya koma na rijiya. Kalmomin da suka rage a bakin Baba kaɗan ne, yawancinsu zagi, ya zuba mata su duka. Ita ma ba ta bar masa ba.

"Yi shiru, tsoho. Da can da kake da ƙafa ma sai na kora ka wanka."

Na tambaye ta ita da me take yi. Ta ce ruwan sanyi bai taɓa kashe kowa ba, sannan ta juya ta yi tari mai tsawo. Tun farkon sanyi duk abin da hitar ta dafa nasa ne. Iskar gas kuma ta girki ce da ɗumama ɗaki, ba ta yarda a ƙona ta a kan wanka.

Washegari na haɗa sabuwar hita. Ina kunnawa wuta ta ɗauke. Daga gidan Goggo Bara maƙwabciyarmu aka jawo mana waya, don haka har nata gidan ya mutu. Ta fito da silifa tana cewa 'yar Jamus ta zo ta kashe mata talabijin ana tsakiyar shiri. Na kira mai gyaran wuta. Ya ce wayar ba za ta ɗauka ba, sabon layi kuma sai an rushe tsohon gida. Na tambayi yaushe. Ya ɗaga kafaɗa.

Ran Asabar da safe Mama ta tafi wurin rabon kayan agaji. Baba yana barci. A rumfar itace na ga babbar tukunyar ƙarfe da ake dafa zannuwan gado a da. Na wanke ta, na jera bulo uku a tsakar gida, na tsinci katakon rufin da ya faɗo, na hura wuta. Na cika ta daga rijiya. Ruwan zai ishi Baba daga kai har ƙafa, Mama ma ta samu. Tun zuwana a lokacin ne na ji na yi wani abu.

Ruwa ya fara huci sai ga Goggo Bara, ta ɗaura baƙin ɗankwali, da kyandir a hannu. Mata biyu na biye da ita. Can baya tsoho Jovo, abokin Baba, ya cire hularsa ya riƙe a ƙirji.

Goggo Bara ta riƙe hannuna. "Yaushe, Zlata? Da safen nan?"

Na ce me fa.

Ta dubi tukunyar, ta dube ni. A ƙauyenmu ruwan mai rai a cikin ɗaki ake dafa shi. Ruwan wankan gawa ne kaɗai ake ɗorawa a waje, ƙarƙashin sama, in an gama a kife tukunyar. Hayaƙin shi ne sanarwa. Na gani da idona lokacin da kakata ta rasu. Na manta.

Kafin in buɗe baki, sanda ta bugi tagar ɗakin daga ciki. Baba ne, ya jawo kansa da hannu ɗaya, fuskarsa a jikin gilashi.

"Ungulaye," ya ce. "Da saura."

Jovo ya mayar da hularsa. Ya leƙa ta tagar ya ce, "Kai Jandro, ka sa na fasa aski a banza. Ka yanke shawara mana." Matan suka yi 'yar dariya, ta kunya. Goggo Bara ta cusa kyandir a aljihu.

A lokacin na hangi Mama. Tana zaune a kan bulo a bakin ƙofar shinge, ledar gari a ƙasa kusa da ƙafarta. Ban san tun yaushe take nan ba. Ba kuka take ba. Hannuwanta a buɗe suke a kan cinyarta, kafaɗunta sun sauka, kamar wadda aka sauke wa kaya. Da Baba ya sake ɗaga murya ta ji shi, ta ɗauki ledar ta miƙe.

Na ce tunda ruwa ya riga ya yi zafi, a yi amfani da shi. Na ɗebo bokiti na shiga da shi. Baba ya dubi tururin, ya juya fuskarsa bango.

"Ban mutu ba."

Na ce ruwa ruwa ne, Baba. Na ce to Mama ta yi wanka da shi, ko sau ɗaya ta ji ɗumi. Ta ce in fitar da shi daga ɗakin. Matan suka kama kunnuwan tukunyar da tsumma, suka kai bayan rumfa suka zubar, inda ba a takawa. Ƙasa ta daɗe tana tururi. Sai gardama ta tashi tsakaninsu, a kife tukunyar ko a bar ta, tunda ba wanda ya mutu. A ƙarshe suka jingine ta a karkace, suka tafi.

Da la'asar Mama ta yi masa wanka kamar kullum. Na taya ta ɗaga shi, na ga bayan nasa da kyau. Gyambon ya fi yadda nas ta faɗa. Ruwa ya huce a gwiwa. Baba ya fara zagi. Wannan karon Mama ba ta tanka ba. Ya dakata, ya sake, ya ɗan waiwayo yana jiran amsa. Ta goge shi, ta shafa masa mai, ta kwantar da shi, ta rufa masa bargo.

Na fita na zauna a matakalar ɗakin. Ta fito ta tsaya a kaina, hannayenta jajur. Na fara ba ta haƙuri, na ce zan nemo hita mai aiki da gas, zan je ofis a kan maganar layi, zan ƙara hutu a wurin aiki. Ta bar ni na gama.

Sannan ta ce tun daga kwanar coci ta hango hayaƙin. Da ta iso ta ga tukunya, ta ga Bara da baƙin ɗankwali, ta ga Jovo ba hula.

"Kin san abin da ya fara zuwa mini? Ba shi ba. Cewa na yi a raina, yau zan yi wanka da ruwan zafi, in kwanta har gari ya waye."

Na ce gajiya ce, kowa zai iya jin haka.

"Ban tambaye ki kowa ba. Tun ina budurwa nake tare da mutumin nan. Yau na zauna a kan bulo na ji daɗi. In ya ci gaba da zama a nan, wata rana ba sai na ga hayaƙi ba, da kaina zan fara jira."

Daga ciki Baba ya kira ta. "Stana. Ƙofa. Sanyi."

Ta leƙa ta dube shi, ta ce ta ji, tsoho. Ta jawo ƙofar a hankali har ta kama.

"Kira nas," ta ce. "Ki ce su riƙe gadon. Ran Litinin za mu kai shi."