Zabbin da Malam Gide Ya Yanka wa Nana

Tun da matarsa ta rasu, Malam Gide shi kaɗai ke kwana a gidansa na Sheme, a ƙasar Faskari. Abinci daga gidan maƙwabcinsa Almu ake kawo masa. Ɗiyarsa ɗaya ce, Amatullah, tana aure a Abuja, kuma ita ce kan kira shi kowace Juma'a, ta miƙa wa 'yarta Nana waya su yi ta tsokanar juna.

A kiran ƙarshe da suka yi, Amatullah ta gaya masa mijinta Sanusi zai kai su hutu ƙasar Suwizalan can Turai, su ga duwatsu.

"Duwatsu?" in ji Malam Gide. "Ku zo Faskari mana, ga su nan kyauta."

Ta yi dariya, ta ce in sun dawo za su zo masa. Nana kuma ta yi alkawarin kiransa daga can ƙolin dutse.

Ba a daɗe ba aka katse layukan waya a yankin saboda matsalar 'yan bindiga. Juma'a ta zo ta wuce, wata ma ta wuce. Wayar na aljihunsa kullum, yana kai ta caji, amma ba ta ƙara yin ƙara ba. Bai san ko sun tafi ba, balle ko sun dawo.

Wata safiya Almu ya leƙo zaure ya ce, "Malam, an ce akwai wani dutse bayan gonaki, in an hau sabis na ɗan kamawa. Amma da gwiwar nan taka..."

"Gwiwar tawa ce ko taka? Mu tafi."

Hawan bai zo masa da sauƙi ba. Yana tafe yana hutawa, Almu na riƙe da hannunsa. A saman suka tarar da mutane tsaitsaye, kowa ya ɗaga waya sama yana juyi. Malam Gide ya samu gefe ya zauna, Almu ya danna masa lambar Amatullah ta WhatsApp. Sai da suka gwada har suka gaji, sannan ta shiga.

Muryar Nana ce, iska na kaɗa ta, tana yankewa.

"Kaka! Kaka... muna... ƙanƙara! Ga mu nan..."

Layin ya mutu.

Malam Gide ya miƙe tsaye ba tare da ya nemi hannun kowa ba. "Ka ji mi ta ce? Suna Ƙanƙara! Sun dawo, ta Katsina suka biyo. Yanzu ka gan su."

"Malam, ka tabbata haka ta ce?"

"Da kunnena na ji. Ta ce ga su nan."

Almu ya so su sake kira, amma sabis ya ɗauke, tsohon kuma har ya kama hanyar sauka.

Da isarsa gida ya buɗe ɗakin marigayiya, wanda ya daɗe a rufe. Ya share, ya kakkaɓe katifa, ya shanya zannuwan gado a igiya. Ya kama zabbinsa biyu mafiya ƙiba ya yanka, ya aika wa Shafa'atu matar Almu, ya ce a yi farfesu kada a cika yaji, Nana ba ta son yaji. Ya sayo rake da gyaɗa. Sannan ya yi wanka, ya sa farar rigarsa ta Juma'a, ya ɗauki kujera ya zauna bakin titi inda motocin Ƙanƙara ke ɓullowa.

Duk motar da ta rage gudu sai ya ɗaga kai. Ya yi azahar a masallacin bakin hanya ya dawo. Ya yi la'asar ya dawo. Masu sayar da masara suka fara tattara kayansu, don ba mai son yamma ta riske shi a wannan hanya. Nan tsoro ya fara shigarsa. Ya tsayar da wani direba ya tambaye shi ko lafiya hanya. Direban ya ce lafiya lau ya biyo, bai ga komai ba.

Da aka kira magariba Almu ya zo ya ɗauki kujerar ya mayar gida. Farfesun, yaran maƙwabta aka raba wa.

Washegari Malam Gide ya ce a mayar da shi dutsen. Wannan karon kafin su kira, hotuna suka fara shigowa ɗaya bayan ɗaya. Almu ya kare hasken rana da hularsa ya nuna masa. Ga Sanusi da Amatullah cikin manyan riguna, bayansu duwatsu fari fat har sama. Ga Nana, hancinta ya yi ja, ta cika hannuwanta biyu da wani farin abu kamar gari tana nuna wa mai ɗauka.

"Dusar ƙanƙara ce, Malam," in ji Almu a hankali. "Ita take gaya maka."

Malam Gide ya daɗe yana kallon hoton. Ya ce, "Alhamdulillahi, tunda ba a hanya suke ba." Ya sa yatsa ya goge gilashin wayar. "Ta yi tsawo."

Almu ya ce ko a kira su. Aka kira, ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Almu ya ce to Malam ya yi musu saƙon murya, zai tafi in sabis ya kama.

Tsohon ya kai wayar bakinsa ya gyara murya. "Amatullah, ni ne. Mun ga hotuna, sun yi kyau. Nan kowa lafiya. Ki rufe wa yarinyar nan kunnuwa, sanyi zai kama ta. A gaida Sanusi."

Bai ambaci zabbi ba. A hanyar sauka ya roƙi Almu kada shi ma ya ambata, ko da sun zo.

Da ya koma gida ya tarar zannuwan gadon na nan a igiya tun jiya, raɓa ta jiƙa su. Ya bar su su ƙara shan rana, ya jawo tabarma inuwa ya zauna yana ɓarar gyaɗar.