Yajin Murjanatu

Kwanon silba ne ya fara tsallako katanga, ya faɗo tsakar gidana kusa da turmi. Sai muryar maƙwabciyata Murjanatu ta biyo baya.

"Na gaji! Yau sai gidanmu!"

"To, ki tafi mana," in ji mijinta Dabo, da murya irin ta mai roƙon a sam masa gishiri.

Na ce a raina, kai, waɗannan bayin Allah ba su iya faɗa ba. Na yafa mayafi na zagaya, domin a shirin da muka yi ni ce mai rabon faɗa, ni ce kuma zan baza labari a layi. Na same ta tsaye da goyon autanta Anwar, tana dube-duben abin da za ta sake jefawa wanda ba zai fashe ba. Shi kuwa gogan naka ya durƙusa yana cusa mata sabulu da ƙuli-ƙuli cikin ƙunshin kaya.

"Ka ɗaga murya mana," na raɗa masa. "Mutanen layi ba su ji."

"Yaya Shatu, me zan ce mata? Ba ta yi mini komai ba."

"Ka ce miyarta ba gishiri."

"Ai da gishiri."

Murjanatu ta toshe baki da gefen hijabi, kafaɗunta na rawa. Matan da suka leƙo ta ƙofa suka ɗauka kuka take yi, suka shiga ba ta haƙuri. Haka ta fita tana jan silifas ɗinta shuɗi, wanda igiyarsa ta tsinke Dabo ya ɗinke da zaren hula, ta hau motar zuwa Babban Mutum, garin mahaifinta. Ko wallahi ɗaya ba ta saka a faɗan ba, don ta ce ba za ta yi rantsuwa a kan ƙarya ba.

Abin dariya ne a ido, amma ranta aka fita da shi daga gidan. Haihuwarta shida, kuma a ta shidan aka kusa rasa ta. Ta kumbura, numfashi ya gagare ta, ta daɗe a gadon asibiti. Da za a sallame ta, likita ya kira Dabo ya faɗa masa a gabana cewa zuciyarta ta yi rauni, wani cikin kuma zai iya tafiya da ita. Ya hana ta ƙwayoyin sha saboda hawan jini, ya ce allurar tazarar haihuwa ce ta dace da ita, wadda ake yi duk wata uku.

Dabo mai wankin hula ne a bakin kasuwa. Abin da yake samu daga hannu sai baka. Amma a lokacin ba mu damu ba, domin gwamnati ta kawo tallafi, allurar kyauta ce a ƙaramin asibitin unguwarmu. Ranar da aka ƙaddamar da shirin har rumfa aka kafa, manya suka zo da manyan riguna suka yi jawabi, aka raba lemo. Aka kafa allo a ƙofar asibitin da hoton wata mata mai ƙiba tana murmushi, ita da mijinta da 'ya'ya tsaf-tsaf, an rubuta KYAUTA NE da jan fenti. Shekara biyu Murjanatu na zuwa. Ta murmure, ta yi kumatu, ta koma tuyar ƙosanta da safe.

Sai wata rana na raka ta, muka tarar da Malama Khairat, ma'aikaciyar jinyar da ke yin allurar, zaune tana kore ƙuda. Ta buɗe mana kabad ɗin don mu gani da idonmu. Ba komai ciki sai auduga.

"Tallafin ne ya tsaya," ta ce. "An ce an amince da na bana, ba a dai sako ba."

"Sai yaushe?" in ji Murjanatu.

"Ku dinga leƙowa."

"Malama," na ce, "ciki yana jiran a sako tallafi ne?"

Ba ta ji haushi ba. Ta ce ita ma tambayar da take yi wa na sama da ita ke nan, su kuma su ce su ma na sama suke jira. Ban taɓa ganin wannan na saman ba, amma na tabbata matarsa ba ta bin layin asibitin unguwa.

Dabo bai zauna ba. Ya ari babur ya kai ta Mai'adua, ya kai ta Mashi, amsar ɗaya ce. Sau ɗaya ya sayar da tunkiyarsu aka yi mata a kemis, daga nan ba sauran abin sayarwa. Na tura maigidana ya yi masa maganar kwaroron roba, Dabo ya ce ya gwammace ƙasa ta tsage ya shige. Shekarun farkon Shari'a ne, kowa idonsa na kan kowa, kuma mai kemis ɗin sahu ɗaya suke tsayawa a masallaci. Magidancin da aka gani da wannan abu, kafin la'asar an gama yanke masa hukuncin neman mata.

Murjanatu ce ta kawo dabarar yaji. Ɗaki ɗaya ne da su, kuma ita da Dabo, in faɗi gaskiya, suna son juna irin son da ke ba tsofaffin unguwa haushi. Ta ce gara ta koma gidan mahaifinta ta zauna har kayan allurar su iso. Mace kuwa ba ta kwashe kaya ta koma gida haka kawai, sai an tambayi dalili, ita kuma uwarta ta rasu, ba ta da wadda za ta raɗa wa. Wace 'ya ce za ta durƙusa gaban ubanta ta yi masa zancen shimfiɗarta? Yaji kuwa kowa ya san shi, ba ya bukatar bayani. Muka ce wata ɗaya, ko biyu in ya yi tsawo.

Yaran biyar suka dawo wuyana da na Dabo. Duk Litinin sai na leƙa asibiti, Malama Khairat ta hango ni tun daga ƙofa ta girgiza kai. Matar da ke jikin allo tana nan tana murmushinta, rana ta koɗar da ita kaɗan. Unguwa kuwa ta samu abin taunawa. Wasu suka ce Dabo aure zai ƙara, wasu suka ce rowa ce ta kore ta. Mutumin da ba ya iya kashe kiyashi, aka mai da shi azzalumi, dattawa suka daina kai masa hula.

A wata na huɗu saƙo ya zo daga Babban Mutum. Mahaifinta Malam Audi malamin zaure ne, mai tsantseni, ba mugu ba. Ya ce Shari'a ba ta yarda a bar mace a rataye ba, ba aure ba saki. Dabo ya zo biko ya ɗauki matarsa, ko ya ba ta takardarta, ko su haɗu gaban alƙali.

Na tsare maigidana, wanda shi ne zai raka Dabo.

"Baban Hasana, don girman Allah ka faɗa wa Malam gaskiya. Dabo ba zai iya buɗe baki gaban surukinsa ba. Kai ba surukinka ba ne."

"Zan san yadda zan yi."

"Ba sanin yadda za ka yi nake so ba. Ka ce masa likita ya ce ciki zai kashe ta, allura ta yanke."

"Haba Shatu, na ji."

Da yamma sai ga su su uku, da Anwar da ƙunshin kaya. Na ja maigidana ɗaki.

"Ka faɗa?"

Ya cire hula ya sosa ƙeya. "Zauren cike yake da mutane. Na dai ce tana da ɗan rashin lafiya."

"Ɗan rashin lafiya!"

"Ya ce to ai ɗakin mijinta ne ya fi dacewa da mai jinya. Me zan ce kuma? Wannan ba maganar zaure ba ce."

Ranar ban ba shi tuwo da hannuna ba. Maza uku masu gemu sun zauna kan tabarma ɗaya, ran mace na tsakaninsu, kunya ta hana biyu magana, na ukun kuma bai san abin da ake ciki ba. Matan layi kuwa har guɗa suka yi, an yi sulhu.

Sun yi ƙoƙari, wannan na shaida. Dabo ya kwashe tabarmarsa ya koma ɗan zaurensu. Da damina ta kankama rufin zauren ya zube, ya koma rumfarsa ta kasuwa, masu gadi suka kore shi. Ya dawo gida. Ba zan ɗora wa kowannensu laifi ba, mutum mutum ne, kuma matarsa ce ta sunna.

Ranar da ta shigo gidana ta zauna kan turmi, ina ganin fuskarta na gane ciki ya shiga. Na fara faɗa, ban ma san da wa nake yi ba. Ta bari sai da na gaji.

"Yaya, ki daina. Mai aukuwa ta auku. Ki taya ni addu'a kawai."

Cikin yana girma tana ƙanƙancewa, ban da ƙafafunta da suka kumbura har silifas ɗin ya daina shiga. Ta ajiye shi a bakin ƙofa ta koma tafiya ba takalmi. Kwanciya ta gagare ta, sai a jingina ta da bango da matasai. Mun kai ta babban asibiti, suka ba da magani, suka ce a rage gishiri, likitan ya dubi Dabo ya ce, "Ba na gaya maka ba?" Dabo ya sunkuyar da kai. Ni ce na amsa, na ce ya gaya mana, saura ya gaya wa kabad.

Wata hantsi ina taje mata kai, ta hango kwanon silbar nan a cikin wanke-wanke, gefensa a lotse.

"Kin ga kwanon yajina," ta ce, ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. Da ya lafa ta kamo hannuna. "Yaya, Hasanarki fa? Na ga goyo, na ga kuma na hannu bai yi ƙwari ba."

Hasana 'yata ce ta fari, aurenta shekara huɗu, 'ya'ya uku.

"Ki ji da kanki," na ce.

"Idan kayan nan suka zo, ki kai ta da kanki. Kada ki aika kowa ya san yadda zai yi."

Cikin na wata takwas, ranar wata Laraba bayan azahar, numfashi ya ƙwace mata. Muka sa ta a mota. Ta haifi 'ya mace ba rai, ita ma ba ta kai magariba ba. Dabo ya tsaya a barandar asibiti riƙe da hijabinta, yana ta ninke shi yana warwarewa.

Washegari Malam Audi ya zo. Da ya shigo cikin gida yi wa mata gaisuwa, na ajiye kunya a gefe, na durƙusa gabansa na faɗa masa komai, tun daga likita har kwanon silba. Tsohon ya dubi ƙasa, carbinsa ya tsaya a hannu.

"Don lafiyarta ne?" ya ce. "Ai wannan ko a littafi halal ne. Da ta shekara goma a gidana, wa zai kore ta? Me ya sa ba wanda ya faɗa mini?"

Ya miƙe da ƙyar, ya fita yana laluben bango.

Ranar sadakar bakwai gidan ya cika da mata, takalma sun yi tsibi a bakin ƙofa. Ana cikin rabon gumba sai ga Malama Khairat. Ta yi gaisuwa, ta yi addu'a, ta matso kusa da ni. Idonta ya yi ja.

"Yaya Shatu," ta ce a hankali, "ban san yadda zan faɗa miki ba. Jiya mota ta zo. Kaya sun iso."

Na dube ta. Abin da ya taso mini a ƙirji, da na buɗe baki da zaman makokin ya watse. Na haɗiye.

"Da yawa?"

"Kwali biyu. Ban san yaushe wani zai sake zuwa ba."

Ta ɗauka a hankali ta yi maganar, amma matar da ke bayana ta ji, ta raɗa wa ta kusa da ita. Can sai wata ta miƙe ta ce ta bar tukunya a wuta. Wata ta ce yaronta ba lafiya. Wata ko dalili ba ta bayar ba, ta gyara hijabi ta fice. Waɗanda suka yi guɗar sulhu na cikin na farkon fita.

Hasana na gefena tana shayar da jaririnta, na hannun na jan zanenta. Na karɓi yaron na saɓa a kafaɗa.

"Tashi," na ce.

"Inna, ba a shafa fatiha ba."

"Tashi na ce. Ita ta aike ni."

A bakin ƙofa tsibin takalman ya zube, saura 'yan ƙalilan na tsofaffi. Na tura ƙafa ina neman nawa. A jikin bango silifas shuɗi yana nan inda ta ajiye shi, da ɗinkin zaren hula a igiyarsa, Anwar ya zura ƙafafunsa duka biyu a ƙafa ɗaya yana ƙoƙarin tafiya.