Direba da Motar Kwashe Gajiyayyu

Shekara da shekaru Direba yana bin titin nan da bas ɗinsa, yau ga shi yana bin sa da ƙafa, da gajeren wando da lamba a ƙirji, tumbi na gaba yana biye. Ranar gudun fanfalaki ce, birni ya cika maƙil da 'yan tsere. Daɗi ya ishe shi, har hannu yake ɗaga wa masu shaguna.

Matsalarsa ɗaya. Kamfani ya ba da bas ɗin nasa don kwashe waɗanda suka gaza, kuma ƙanin matarsa aka ba tuƙin, mutumin da bakinsa ba ya hutawa. Tun da safe ya ce, "Yaya, na ajiye maka kujerar gaba." Direba kuwa bai taɓa zama fasinja a motarsa ba, ya kuma rantse ba za a fara yau ba.

Amma sabo ya ci amanarsa. Duk tashar bas da ya iso, sai ƙafafunsa su rage gudu da kansu, ya raɓa gefen titi, ya waiga ko akwai mai shiga. Wata tsohuwa har ta ce masa, "Wuce, ɗana, ba inda za ni." Haka aka yi ta wuce shi, har ya zama na ƙarshe.

A hawan gada gwiwoyinsa suka ce ba su san zancen ba. Sai ya ji kukan injin da ya sani a bayansa, ƙofa ta buɗe. Kunya ta rufe shi, ya tsaya yana haki, saura kaɗan ya miƙa ƙafa ya shiga.

Sai giyar motar ta yi ƙara, ƙarrr, har cikin haƙoransa.

Direba ya ce, "Taka kuloci mana. Za ka kashe min ita."

"Haka na iya, Yaya. In kana son makullinka, sai a layin ƙarshe."

Ƙanin matar ya sake gurza giyar, da gangan. Direba ya zabura. Gajiyayyun da ke cikin motar suka leƙo ta taga suna dukan jikinta suna masa kirari, shi kuwa yana gudu yana faɗa, yana faɗa yana dariya. In ya rage gudu, sai giya ta yi kuka. Tashoshin da suka rage ko kallonsu bai yi ba.

Yana tsallake layi aka rataya masa lambar yabo. Bai tsaya hoto ba. Ya juya yana ɗingishi, ya karɓi makullinsa, ya hau kujerarsa, ya cire lambar yabon ya rataya wa madubi.

Ya shafa sitiyari ya ce, "Sannu. Ke kika sha wuya."