Hannun da Ya Ƙi Sauka

A sashen gashin ƙashi na asibiti nake aiki, kuma ba abin da ke ɓata mini rai irin mara lafiya ya ɓoye mini abu. Tsohuwar nan da ɗanta ya kawo da ciwon kafaɗa kuwa, ɓoyewa take yi.

Na tsaya bayanta, na danne allon kafaɗar da hannu ɗaya, na juya babban yatsanta ƙasa, na ɗaga hannun a hankali. Kafin ya kai kunne ta cije leɓe. Na lanƙwasa gwiwar hannun na murɗa ciki, nan ma haka. Ƙashi ne ke matse jijiya, har ta kumbura. Wajen masu fentin silin na saba ganin irin wannan.

"Mama, wane aiki kike yi da hannu a sama?"

"Ba na aikin komai, 'yata."

"To da kanta jijiyar ta kumbura kenan? In ba ki daina ba tsinkewa za ta yi, ko kanki ba za ki iya tajewa ba."

Na ce ta ɗaga da kanta, ta sauke sannu a hankali in gani. Ta ɗaga, ta wuce wajen zafin ko gezau, yatsunta suka damƙe iska. Idonta ya sauka kan gadon gwajin da ke gefenmu, wanda ba kowa a kai. Hannun bai sauko ba. Wallahi sai da tsigar jikina ta tashi.

Ɗan ya matso ya rage murya. "A gida aka yi jinyar Baba. Wata rana ledar ƙarin ruwa ta faɗo daga ƙusa, tun daga nan ita ke riƙewa har ta ƙare. Bara ya rasu. Har yanzu mukan shiga ɗakin mu tarar da ita tsaye haka."

Na fasa faɗan da na tanada. Tausayinta ya kama ni.

"Mama, sauke haka nan. Ruwan ya ƙare."

"Bari tukuna, 'yata," in ji ta, ba ta ɗauke ido daga gadon ba. "In na sauke, jininsa zai biyo robar."

Hannun ya fara rawa. Na sa tafina ƙarƙashin gwiwar hannunta na tallafa, muka tsaya muna jira.