Wa'azi da Reza a Wuya

Mai askin layinmu Kirista ne, bakinsa kuma ba ya hutawa. Sai ya shafa wa mutum kumfa, ya ɗora masa reza a maƙogwaro, sannan ya soma ba shi labarin Yesu. Kowa "haka ne" yake cewa. Shi kuwa murna yake yi, wai magana tana shiga.

Akwai wani direba, abokinsa tun na ƙuruciya, da matarsa ta rasu bara. Mai aski ya ƙwallafa rai sai ya sama masa kwanciyar zuciya. Direba ya ɗauke ƙafa. Gemu ya cika masa fuska, amma ko kallon shagon ba ya yi.

Mai aski ya kai kuka wurin yayarsa. Ta ce, "Kai dai ba ka da wayo. Wa zai yi maka musu da reza a wuyansa?"

Ya je har tasha ya lallabo direban. Ya yi masa aski tas, bai ce uffan ba. Ya goge kumfa, ya ajiye reza, ya buɗe ƙofa.

Direba ya miƙe. "Yau fasto ya tafi hutu ne?"

"Mun gama, mutumina. Ga hanya."

Direba ya daɗe yana kallon titi. Sai ya dawo ya zauna a benci.

"Ka taɓa cewa mutuwa ba ita ce ƙarshe ba. Ban yarda ba tukuna. Amma sake faɗa, yanzu ina iya musu."